Gwaggo Ta Ƙi Tashi

"Ba zan faɗa ba, yallaɓai," in ji Odalie Verret ta cikin oba-oba. "Ruwan nan da mai shi a ciki."

Mista Lirette, shugaban aikin, yana ƙasa a kan jirgi, ita kuwa tana can sama kan barandar ƙarfe, tabarau mai hangen nesa rataye a wuyanta. Ya ɗaga kai ya harare ta.

"Mis Verret, ki ce babu komai, mu tashi nakiya, kowa ya kama gabansa."

"Ai akwai komai. Ga kififfiya can gindin ƙafar arewa, kai ma take kallo."

Tsohon dandamalin haƙar mai ne, can cikin teku kudu da garin Houma. Rijiyarsa ta ƙafe, kamfani ya turo su su yanke ƙafafunsa da nakiya, su ɗauke shi. Sai dai ba a tashin nakiya sai mai sa ido kan dabbobin teku ta tsare ruwa na tsawon lokacin da doka ta yanka, ba ta ga kififfiya ko dolfin ba. In wani ya leƙo, a koma farko. Odalie ce mai sa idon, kuma tun a jami'a ta taɓa buɗe cikin kififfiyar da ƙarar nakiya ta fasa wa huhu. Ba ta bukatar gani na biyu.

Wannan kififfiya kuwa tsohuwa ce, kai kamar tulu, baya duk gansakuka. Da alama ta fi kamfanin daɗewa a wurin. Ma'aikata suka sa mata suna Gwaggo, don ba ta sallama in za ta zo, kuma ba ta san a ce mata sai an jima ba. Sai ta bari lokaci ya kusa cika, kowa ya gyara tsayuwa, sannan ta turo hanci ta yi fuu, ta koma. Masu nutso sun bi ta, ta shige tsakanin ƙarafa ta bar su da kumfa.

Da a wani mako ne, da an yi dariya an wuce. Amma Talata ce Mardi Gras, bikin shagalin da ake yi a jajibirin azumin Kirista. Kawu Nolan, ƙanen mahaifiyar Odalie, shi ke tuƙa babbar ƙugiyar ɗaga kaya ta jirgin, kuma 'yarsa Jolie aka naɗa sarauniyar jerin gwanon garinsu a bana. Uba ne ke riƙe hannun sarauniya ya hau da ita motar ado. Tunda kuwa an riga an zura nakiya cikin ƙafafun dandamali, mai ƙugiya ba ya barin jirgi.

Ya same ta a ɗakin cin abinci ran Lahadi.

"Dalie, 'yar nan, ni na koya miki ɗaura ƙugiyar kamun kifi."

"Kai ne, Kawu."

"Ke kika ɗinka duwatsun rigar Jolie da hannunki."

"Har yatsuna suka huje."

"To ki yi atishawa mana. Mutum in ya yi atishawa ai idonsa rufewa yake."

Mis Earline mai girki ta tuntsire da dariya har ludayi ya faɗi cikin tukunya. "Nolan, wannan ko barkono ka watsa mata da ido buɗe za ta yi. Jinin uwarta ne."

Ran Litinin Gwaggo ta ɓace. Tun hantsi babu ita, babu labarinta. Jirgi mai saukar ungulu ya zagaya sama ya ce bai ga komai ba. Nan fa jirgi ya rikice da murna. Wani ya fito da goge, wani ya rataya sarƙoƙin roba masu launi, irin waɗanda ake jefa wa jama'a ranar bikin, a kan hular kwanonsa, Kawu Nolan yana ta waƙa daga cikin ɗakin ƙugiya, muryarsa kamar ta kwaɗo. Odalie ma ƙafarta sai rawa take a kan baranda. Tana iya jin ƙamshin soyayyen jatan lande na bakin titi tun daga nan.

Lokaci ya zo gab da cika, rana ta yi ƙasa, kuma ba a tashin nakiya bayan faɗuwarta. Idon kowa yana kan Mista Lirette da agogonsa. Idon mutum ɗaya ne a kan ruwa.

Can cikin inuwar jirgin, inda babu mai dubawa, hanci ya ɓullo. Fuu. Gwaggo ta ɗago ido ɗaya, ta dubi Odalie kamar mai cewa ina gajiya, ta nutse abinta.

Babu wanda ya gani. Odalie ta san haka sarai. Ta dubi ɗakin ƙugiya, ta dubi zoben da ruwa ya bari. Sai dariya ta kama ta, irin wadda ke kama mutum a coci, ta ƙi saki. Ta riƙe ƙarfen baranda, hawaye na zuba, ta danna oba-oba.

"Yallaɓai, Gwaggo tana gaishe ka."

Goge ya yi shiru.

"Ni ban ga komai ba," in ji Mista Lirette.

"Shi ya sa aka ɗauko ni."

"Kin san ba zan sake yarda a turo min ke ba?"

"Na sani. A koma farko."

A jirgi suka yi Mardi Gras. Mis Earline ta dafa miyar gumbo tukunya guda, ta yanka kambi daga gwangwanin tumatir. Masu nutso suka ɗauko Odalie a kan kujerar roba, suka zagaya da ita suna kaɗa murafen tukunya, suna kiranta Sarauniyar Kififfiya. Da tsiya suka faro abin. Ita kuwa ta gyara zaman kambin a kanta, ta ɗaga hannu tana gaida talakawanta, ta jefa musu biskit maimakon sarƙa.

"Ranki ya daɗe, a sake mu mu tafi gida," in ji wani.

"Ku kai ƙara wurin Gwaggo, ni 'yar aike ce."

Kafin la'asar har Mista Lirette an gan shi yana taka rawa da tsintsiya, fuskarsa a ɗaure. Odalie ta yi rawa har takalmin aikinta ya ci mata dunduniya, tabarau na dukan ƙirjinta. Kawu Nolan kaɗai bai sauko ba. Yana ɗakin ƙugiya da wayarsa a ɗage sama, yana neman hoton jerin gwanon da ke zuwa yana yankewa. Maƙwabcinsu ne ya riƙe hannun Jolie.

Ran Laraba, da azumi ya kama, Gwaggo ta fito shan rana ta yi sakaci. Masu nutso suka rungume ta, aka ɗora ta kan tsohuwar taya a ƙaramin jirgi, tana hura hanci kamar an ci mata mutunci, aka kai ta nesa aka sake ta. Odalie ta tsare ruwa har lokaci ya cika, sannan ta faɗi abin da aka daɗe ana roƙonta. Teku ta yi gum, ƙafafun suka saki.

Gwaggo ta rayu. Kamfanin bai sake kiran Odalie aiki ba, Jolie ta mayar mata da ragowar duwatsun riga a cikin leda, Kawu Nolan kuwa bai amsa gaisuwarta ba har azumi ya fita. Kambin gwangwanin yana rataye a madubin motarta, ya fara tsatsa.