Farar Wayar Hawa na Biyu

Yudelka tana wucewa da kofin gahawa ta lura maɓallai biyu na akwatin wutar hawa na biyu na ginin da suke aiki ba a haɗe suke ba. Layi biyu ne, baƙar waya da ja, suna tarayya a farar waya guda. Doka ta ce a ɗaure maɓallansu da ɗan ƙarfe, in an kashe ɗaya ɗayan ya bi shi. Jiya ita da Don Fausto suka ɗaura ƙarfen. Yau babu shi.

Ta waiga. Radhamés, shugaban aikin, yana kallonta yana taunar soyayyiyar ayaba. Ya ɗora yatsa a leɓe.

Wata biyu ke nan yana neman hujjar korar Don Fausto, wanda ya shekara talatin yana jan wayar lantarki a birnin Santiago, amma mai ginin ya ce sai da dalili. Ita kuwa, da digirinta na lantarki, satinta uku da samun aikin.

"Tsoho!" Radhamés ya ƙwala kira. "Fitilar kicin na jira. Ko sai an goya ka zuwa kan tsani?"

"Ranar da na fara hawan tsani kana tsotsar yatsa," in ji Don Fausto yana dariya. Ya kashe maɓallin kicin, ya gwada baƙar waya, ba wuta. "'Yata, riƙe min tsanin nan."

Ta riƙe. Ta buɗe baki, ta rufe. A ɗakin gaba injin yankan tayil yana ta kuka a kan jan layin, wutarsa na komawa ta farar wayar.

Don Fausto yana warware farar wayar wuta ta fizge shi. Ya faɗo kan buhun siminti, gaban wandonsa ya jiƙe. Magina suka leƙo, wani ya fashe da dariya, saura suka bi. Radhamés yana ɗaukar bidiyo da wayar salularsa.

"Shekara talatin, maɓalli biyu sun gagare shi! Malama mai digiri, faɗa wa mai gini da bakinki. Jiya tsohon nan ya sa ƙarfen?"

Idon wayar na kanta. Yudelka ta dubi takalmanta.

"Ban tuna ba."

Don Fausto ya ɗago ya kalle ta. Ba fushi a idonsa, da ma a ce akwai. Ya lallaɓa ya miƙe, ya tsince kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, ya kare gabansa da jaka, ya bi matakala yana jan ƙafa.