Ƙwaya Biyu Ga Mace

Zinatu malama ce a Aliero, tana koyar da lissafin kiwon lafiya, kuma ba ta taɓa ganin ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka gwada ba. Alƙaluma kawai aka kawo mata. Wata ƙungiya ce ta zo da binciken, tana son sanin yadda wani maganin hawan jini yake aiki a ƙauyukan Jega da Maiyama. An daɗe ana raba wa mutane ƙwaya ana auna su, sannan shugaban aikin, Dakta Abdulbasit, ya miƙa mata sakamakon ta tace.

Abin da ya fito ba ya buƙatar tabarau. Jinin maza ya sauka sosai, na mata kuwa da ƙyar ya motsa. Dakta ya rubuta cewa jikin mace ba ya karɓar maganin kamar na namiji, ya ce halittarta ce haka, ya ba da shawarar a ƙara wa mata yawan abin da suke sha.

Hankalin Zinatu bai kwanta ba. A ƙauyen Karaye na Maiyama ta tashi, a hannun gwaggonta Asabe, ta san abin da yake samun magani idan ya shiga cikin gida. Mace za ta karɓo nata, uwar miji ta ce kanta na sarawa, a ɓalle mata. Maƙwabciya ta leƙo da irin ciwon, kunya ta hana a ce babu. Ta kuma san maza a kan babur suke zuwa asibiti, su zauna a inuwa suna hira kafin a kira su. Mata kuwa a ƙafa suke zuwa, da goyo, cikin rana, suna isowa su miƙa hannu a auna tun jini bai kwanta ba, don tukunya na jiransu. Ta bincika ko an tambayi matan wani abu daga cikin waɗannan. Ba a tambaya ba. Shekaru aka rubuta, da nauyi, da mace ko namiji.

Ta sami Dakta a ofishinsu na Jega ta zayyana masa. Mutum ne mai haƙuri, bai katse ta ba har ta kai aya.

"Malama, kina da shaida?" ya ce.

"Ba ni da ita, Dakta. Amma kai ma ba ka da ita. Bambanci muka gani, muka raɗa masa suna halitta, alhali ba mu duba jikin kowa ba."

Ya yarda da gaskiyarta, sai dai ya ce wa'adin aikin ya ƙare, masu bin ƙauyuka sun watse, ba mai komawa. Abin da zai iya shi ne a ƙara 'yan layuka a ƙarshen rahoton, a ce akwai yiwuwar wasu dalilai. Ta yi tunanin cire sunanta daga rahoton, sai ta ga idan ta fita layukan ma za su bi ta. Ta rubuta su da kanta. Kafin rahoton ya fito a mujalla an rage su sun koma jimla ɗaya, can ƙasa, inda mai karatu ya riga ya gaji.

Damina ta wuce, aka dasa albasa, aka cire. Wata rana Zinatu tana cikin motar haya sai ta ji wani shiri a rediyo yana cewa bincike ya tabbatar jikin mace ya fi taurin kai a gaban magani. Fasinjoji suka yi dariya, direba ya ce shi ya daɗe da sani. A lokacin ƙungiyar ta riga ta tara ma'aikatan ƙananan asibitoci ta horar da su: ƙwaya ɗaya ga namiji, biyu ga mace. Jimlar Zinatu ba ta je wurin horon ba.

Gwaggo Asabe tana cikin masu hawan jini. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi nisa, ba ta da wanda za ta ɓalle wa magani, kuma mace ce da ba ta tsallake abin da likita ya ce. Aka ce biyu, ta riƙa shan biyu. Ta fara jin jiri idan ta miƙe, ta ɗauka tsufa ne, ba ta faɗa wa kowa ba. Ran nan ta gama dakan ganyen albasa za ta shanya, ta ɗago, duniya ta juya mata. Ta faɗi a kan turmin, ƙashin ƙugunta ya karye. Likitan da ya karɓe ta a Jega ya ce jininta ya yi ƙasa fiye da kima, ya tambayi wa ya ninka mata magani.

Zinatu ta tafi ƙaramin asibitin da gwaggon take karɓar magani. Mai kula da wurin, Shafi'u, tsohon ɗalibinta ne. Ya tashi ya ba ta kujerarsa, ya tsaya da hannuwa a baya. Ta roƙe shi ya daina ninka wa mata, ya riƙa zaunar da su su huta kafin awo, ya tambaye su ko su kaɗai suke sha.

"Malama, ke kinka koya muna mu bi abin da bincike yan nuna," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Kuma na ga sunanki ciki, shi yas sa ban yi shakka ba."

Ya yi alkawarin zaunar da su da tambayarsu. Rage magani kuwa ya ce ba huruminsa ba ne sai umarni ya zo daga sama, kuma asibitoci irin nasa suna da yawa, har ƙauyukan Katanga da Sarandosa.

Ta kira Dakta Abdulbasit. Ya koma wani aikin a wata jiha. Ya jajanta mata da gaske, ya yi wa gwaggo addu'a, sannan ya tuna mata abin da ita ma take faɗa wa ɗalibai, cewa labarin mutum ɗaya ba ya rushe bincike. Ta rubuta wa mujallar, aka amsa mata cewa za a duba. Ta rubuta wa ƙungiyar, ba wanda ya amsa.

Da aka sallami gwaggo, Zinatu ta kawo ta gidanta a Aliero. Ƙashin bai haɗe daidai ba, sai an kama ta take zama. Ba ta taɓa ɗora wa kowa laifi ba, cewa take ƙaddara ce, kuma Zinatu ta kasa buɗe baki ta ba ta labarin rahoton.

Ranar wata kasuwa matan Karaye suka zo dubiya da fura da gyaɗa. Da suka tashi tafiya, ɗaya daga cikinsu, Barakatu, ta ja Zinatu gefe a zaure, ta kwance bakin zanenta ta nuna mata ƙwayoyin.

"Ɗiyata, ke ad da ilimin abin ga. Guda za mu sha ko biyu?"

Zinatu ta tambaye ta ko ita kaɗai take sha. Barakatu ta ce wani lokaci. Ta tambaye ta ko tana jin jiri, ta ce wace mace ce ba ta ji. Sauran matan sun tsaya a bakin ƙofa suna jiran amsar, don su kai wa na gida. Idan Zinatu ta ce guda, akwai wadda jininta zai hau ya kayar da ita. Idan ta ce biyu, ga gwaggo nan a ɗaki.

"Ban sani ba, Inna," ta ce. "Sai an auna ki."

Barakatu ta ɗaure bakin zanenta, ta ce to Allah shi ba da lafiya. Suka fita neman motar Maiyama tun rana ba ta yi sanyi ba.