Karyayyen Fiffiken Mamuda

Su uku suka ɗauki aikin a gaban ƙungiyar manoma: Mamuda mai walda na Janfalan, wanda shi ne babbansu, da Safiyanu bakaniken Maƙarfi, da Muttaka mai gyaran janareto a Kudan. Kowa zai ƙera ƙaramin jirgi marar matuƙi a shagonsa, na fesa magani a gona. Abin da ɗaya ya gano, ya faɗa wa sauran. Ranar kasuwar Maƙarfi suke haɗuwa a rumfar Safiyanu.

Haɗuwar ba ta wuce gaisuwa.

"Ya jirgi, Baba?"

"Lafiya lau. Naku fa?"

"Da godiya."

Sai a sha rake, a watse.

Jirgin Mamuda ba lafiya lau ba ne. Da zarar an cika tankin magani ya tashi, fiffiken hagu sai ya ɓalle daga gindi. Ya yi walda, ya sake ƙarfe, ya ƙara ƙusa, duk a banza. Ga tsutsa ta shiga masararsa. Gonar ta fi ƙarfin bayansa da famfon goyo, kuma ya riga ya gaya wa mutanen gari da jirgi zai fesa ta. Kullum ganye na ƙara hujewa.

Da ya gaji, ya ɗaure karyayyen fiffiken a bayan babur, ya nufi Maƙarfi. Ya jefa shi a gaban Safiyanu.

"Baba, wannan kuma fa? Murfin tukunya ka fara ƙerawa?"

"Buɗe idonka, ɗan banza."

Safiyanu ya duba inda ya karye. Dariyar ta ɗauke. Ya shiga ƙuryar rumfa, ya yaye wata tsohuwar tabarma. Ga nasa fiffiken a ƙasa, karye a wuri ɗaya.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin shuka. Na Muttaka ma haka ya yi masa. Amma shi ya gano. Tankin ne ke rinjaya idan magani ya karkata. Ya raba cikinsa gida-gida, ya daina."

"Kai ya gaya maka?"

"Wucewa na yi na gani."

"To me ya hana shi buɗe baki a nan?"

Safiyanu ya sosa ƙeya. "Baba, kai ka ce naka lafiya lau. In ya kawo maka gyara a gaban mutane, ai ya ƙaryata ka ke nan. A shekaru ka haife shi fa."

Mamuda ya miƙe. Ya sake ɗaure kayansa ya kama hanyar Kudan.

Muttaka ya durƙusa har ƙasa, ya gaishe shi da gajiya, da iyali, da damina.

"Ya jirgi, Baba?"

"Ya karye. Nuna mini tankin."

Muttaka ya nuna masa, kansa a sunkuye kamar shi ya yi laifi. Gyaran bai kai tsawon lokacin cin tuwo ba.

A makon jirgin Mamuda ya tashi, ya zaga gonar, ya sauka da fikafikansa biyu. Masarar kuwa tsutsa ta riga ta cinye zuciyarta. Ya aika wa makiyaya su shigo da shanu su cinye ta.