Hannu a Ƙirji

Efren ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin da Fada, limamin cocin, ke sa tufafin ibada, yana fatan kada a amsa. Aka amsa.

Fada Hilario na tsaye yana kokawa da igiyar farar rigarsa. Tsoho ne gajere, ya daɗe a cocin nan na yammacin San Antonio har ya binne rabin waɗanda ya ɗaura wa aure.

"Ɗan Amparo na Houston," in ji shi. "Sannu da rashi. Allah ya ba ta hutawa. Shigo ka rufe ƙofar."

"Fada, magana ce da ni kafin a shigo da akwatin gawar Mama."

"Ina ji."

Efren ya dubi ƙasa. Tun a hanya yake shirya maganar, yanzu duk ta watse.

"Da namiji nake zaune, sunansa Warren. Mun ɗaura aure a kotu."

Fada bai ko saki igiyar ba. "Gwaggonka Chayo ta riga ka. Tun jiya take bugo min waya."

"Me ta ce?"

"In hana ka Jibin Ubangiji, kada in ba ka gurasa mai tsarki. Na ce ita ma ta leƙo ta furta zunubi, ai gulma ba ibada ba ce."

Efren bai yi dariya ba. "Za ka hana ni?"

Fada ya zauna a bakin tebur, ya cire tabarau ya murje ido.

"Ba zan yaudare ka ba, ɗana. Coci ba ta ce yadda zuciyarka take shi ne zunubi ba. Amma zaman da kake yi, ba ta kira shi aure ba, kuma ni ba ni da ikon canzawa. Kana shirye ka furta, ka rabu da shi?"

"A'a."

"To. Gara da ka faɗa min gaskiya. Cocin nan dai ita ce ta ce a mutunta ka, kada a wulaƙanta ka. Ba zan ture hannunka a gaban gawar uwarka ba. Roƙonka nake kada ka miƙo shi. Ka shigo layi, ka harɗe hannu a ƙirji, in sa maka albarka. Kai ma ɗan gidan nan ne."

"A gaban Baba."

"Bai sani ba?"

"Ya ɗauka Warren abokin zaman gida ne kawai. Mama ta sani. Ita ta ce a ƙyale shi, zuciyarsa ba ƙarfi."

Fada ya mayar da tabarau. A waje mai kaɗa molo ya fara gwada waƙa.

"Wannan kam ba ni da maganinsa," in ji Fada. "Amma ina nan bayan an gama. Ko yau, ko wani lokaci."

A bakin coci Gwaggo Chayo, ƙanwar mahaifinsa, ta tare shi da baƙin mayafi a ka. Ta gyara masa wuyan riga da ƙarfi kamar za ta shaƙe shi.

"Ka rame, Efrencito. Ba a dafa maka abinci a can ne? Au, na manta, ba mace a gidan."

"Gwaggo, yau dai."

"Yau ɗin nake nufi. Na ga ka zo da dogon nan. Ka san abin da ya kamace ka. Jikin Almasihu ba biskit ba ne."

Maribel, ƙanwarsa, ta ja hannunsa. "Gwaggo, je ki kama wuri kafin a cinye miki gaba." Da matar ta wuce sai ta raɗa masa: "Ka karɓa kawai mana. Wa zai sani?"

"Ni."

"Kai dai da taurin kai. Gadon Baba."

Warren na can bencin ƙarshe, ya fi kowa tsawo, cikin mutanen da ba su san lokacin durƙusawa ba. Ya ɗaga wa Efren kai kaɗan. Efren ya kau da ido.

Ya zauna a gaba, kafaɗarsa na gugar ta mahaifinsa. Mahaifin nasa, Don Fidencio, ya sa kwat ɗin da ta yi masa yawa tun da ya yi jinya. Mutum ne da ya yi aikin kwalta har bayansa ya lanƙwashe, kuma ko a lokacin ba ya tafiya aiki sai ya biya coci ya karɓi Jibi. Shi ya koya wa Efren yadda ake ɗora hannun hagu kan na dama don karɓar Jibi. Ya san ma'anar kowane motsi a layin nan. Wanda ya harɗe hannu, ko dai baƙo ne, ko akwai abin da ya tsaya tsakaninsa da Allah. Kuma Don Fidencio ba ya barin tambaya ta kwana.

Aka yi karatu. Fada ya yi wa'azi kan Amparo, yadda take kai tamale, wato alalen masara, duk gidan da aka yi rashi, ko ba ta san su ba. Efren bai ji rabi ba. Yana ta juya abu ɗaya. In ya zauna bai tashi ba, Baba zai gani. In ya harɗe hannu, Baba zai gani. In ya miƙa hannu, Fada zai ba shi, ya kuwa san da me ya karɓa. Gumi ya jiƙa masa baya duk da sanyin na'ura. Akwatin na nan gabansa, an lulluɓe da farin ƙyalle. Ya ji haushin mahaifiyarsa, sannan ya ji kunyar haushin. Ta tafi ta bar shi da abin da ita ta ce a ɓoye.

Aka kaɗa ƙararrawa. Aka durƙusa, aka tashi. Fada ya sauko daga bagadi da kwanon zinariya.

Iyalin mamaciya su ne farko. Don Fidencio ya dafa benci ya miƙe, ya shiga layi. Efren ya ga ƙafafunsa sun bi shi. A bayansa yana jin numfashin Gwaggo Chayo da ƙamshin turarenta. Har yanzu bai san abin da hannuwansa za su yi ba. Sun yi masa nauyi kamar na wani.

Mahaifinsa ya isa gaban Fada. Fada ya ɗaga gurasar.

"Jikin Almasihu."

Don Fidencio bai ce amin ba. A hankali ya ɗaga hannuwansa, ya harɗe su a ƙirji, ya sunkuyar da kai.

Fada ya tsaya da gurasar a sama. Sannan ya mayar da ita kwano, ya ɗora hannu a kan furfurar tsohon. Wata mata ta ja numfashi a baya.

Tsohon ya matsa. Efren ya taka gaba, ya harɗe nasa. Tafin Fada da ɗumi yake. Bai ji kalmomin albarkar ba, jini ne kawai ke bugawa a kunnensa.

A wurin ajiye motoci rana ta buɗe sosai. Ana saka akwatin a motar gawa Gwaggo Chayo ta cim musu.

"Fidencio! Me ya shiga kanka? A jana'izar matarka? Mutane na kallo!"

"Kofi na sha," in ji tsohon. "Awa ɗaya ba ta cika ba. Kin san doka, azumin awa ɗaya kafin Jibi."

"Kai? Ka manta da azumin Jibi? Kai?"

"Na tsufa, Chayo. Je ki shiga mota."

Efren na riƙe da ƙofar mota. Tun safe yana tare da mahaifinsa. Shi ya aske masa gemu, shi ya ɗaura masa takalmi, shi ya miƙa masa kofin da ya ture. Ko ruwa bai shiga bakin mutumin nan ba.

Don Fidencio ya shiga ya zauna, ya ja bel da ƙyar. Idonsa na kan motar gawa. Bai dubi ɗansa ba. Efren ya zagaya ya zauna, ya sa makulli, ya kasa murɗawa.

"Baba..."

"Kada ka ce min komai yau."

Motar gawa ta fara tafiya. Tsohon ya share baki da bayan hannu.

"Ka gaya wa wancan dogon ya biyo bayanmu," in ji shi. "Bai san hanyar maƙabarta ba."