Abin da Auta Ya Ci a Gidan Tsirrai

Direba bai taɓa fita da yaransa shi kaɗai ba sai ran nan. Shekara goma sha ɗaya yana jan bas a cikin gari, ya san kowane rami da ke kan titi, amma riƙon yara biyu na awa uku sabon aiki ne a wurinsa. Matarsa ce ta saba, sai dai ranar an kira ta wurin aiki. Ga shi kuma malamar su Yaya ta ba 'yan aji aikin gida, kowa ya je gidan tsirrai ya zano yankunan duniya da abin da ke rayuwa a cikinsu. Yaya ita ce 'yarsa ta fari, shekararta tara. Auta kuwa uku da rabi, kuma duk abin da hannunsa ya ɗauka sai bakinsa ya ba da shaida.

Gidan tsirran babban gini ne na gilashi. A tsakiyarsa akwai zagayayyen falo mai benci, ƙofofi biyar suna buɗewa cikinsa, kowace ƙofa da yankin da take kaiwa. Tsirran na gaske ne, dabbobin kuwa ƙera su aka yi aka shafa musu fenti. Suka fara da hamada, inda zafi ya kori Direba tun kafin Yaya ta gama zane. Suka shiga filin ciyawa, giwa da raƙumin dawa na tsaye ƙarƙashin bishiyoyi jefi-jefi. A kurmi ruwa na ɗiga daga ganyaye masu faɗin tire, iska ta yi nauyi, rigarsa ta manne masa a baya. Daga nan sai dajin sanyi mai dogayen itatuwa da ganye siriri kamar allura, sannan ƙasar ƙanƙara, inda babu bishiya ko ɗaya sai gansakuka a kan duwatsu. Yaya na karanta alluna da ƙarfi tana yi wa ubanta bayani kamar ita ta gina wurin. A ɗakuna biyu ta karanto masa gargaɗi iri ɗaya, cewa kada a taɓa 'ya'yan itatuwa, wasu guba ne. Ya ce ya ji.

Da suka dawo falon ya zauna ya huta. Yaya ta durƙusa tana gyara zanenta a kan benci. Wayarsa ta yi ƙara, abokin aikinsa ne yana roƙon su yi musayar ranar hutu. Maganar ba ta wuce minti huɗu ba. Daga baya ya duba wayar ya tabbatar, minti huɗu ne da 'yan daƙiƙu.

Yana ajiye wayar ya ji kukan Auta a bayansa. Da ya juya sai ya ga yaron tsaye a tsakiyar falon, bakinsa jawur har haɓa, hannayensa biyu jawur, yawu na zuba kan rigarsa. Abin da ya fara zuwa wa Direba shi ne jini. Ya sure shi ya goge bakin da gefen rigarsa yana neman rauni, bai ga komai ba. Jan yana da danƙo, da wani ɗan ƙamshi mai zaƙi. Nan alluna biyun suka faɗo masa a rai.

Ya tambaye shi me ya ci. Auta ya ce alawa, yana kuka yana sosa leɓe. Ya tambaye shi a ina, Auta ya nuna sama, ya nuna ƙasa, ya ƙara tsananta kukan. Direba ya kifa shi a kan cinyarsa zai zura masa yatsa a maƙogwaro, sai wani hannu mai sanyi ya riƙe masa wuyan hannu.

"Kar ka sa shi amai, ɗana. Ɗaga shi ya zauna."

Wata dattijuwa ce da takalmin roba da butar ban ruwa, mai kula da tsirran gidan. Ta ajiye butar, ta buɗe bakin Auta ta leƙa, ta duba idanunsa. Ta ce wa mai gadin ƙofa ya kira motar asibiti, sannan ta gaya wa Direba abin da bai so ji ba. Masu asibiti na zuwa, amma tambayarsu ta farko ita ce wane tsiro ne, don magani ya danganta da abin da aka ci. Ta ce a wannan watan tsirrai masu jajayen 'ya'ya suna ɗakuna uku, kuma biyu daga ciki ba ta fatan a ce su ne ya ci.

"Inna, mutuwa zai yi?"

"Ban ce ba. Taso mu nemo abin tukuna."

Ta sunkuya ta tambayi Auta a hankali wa ya gani a inda ya samo alawar. Yaron ya ja majina ya ce mai kunne. Ya buɗe jajayen hannayensa a gefen kansa, ya nuna kunnuwa manya.

Direba bai jira ba, ya ruga filin ciyawa da yaron a kafaɗa, don a saninsa kunne na giwa ne. Ya tsaya gabanta yana haki yana tambayar Auta ko ita ce. Auta ya girgiza kai. Mai kula da tsirran ta iso ta ce ai ɗakin nan babu ja ko ɗaya, ciyawa ce da ƙaya. Suka faɗa kurmi. Can cikin duhun ganye ta nuna masa wani tsiro mai curin jajayen 'ya'ya a kan kara, amma yana bayan wani ɗan tafki, yaro ba zai kai gare shi ba sai ya jiƙe, wandon Auta kuwa a bushe yake. Dabbobin wurin ma biri ne da aku da kwaɗo, babu mai kunnen kirki.

Sai ya ga fuskar dattijuwar ta sauya. Ta ce akwai zomo a dajin sanyi.

Sanyin ɗakin ya daki rigarsa mai gumi. Ga zomon nan a gindin wata bishiya, kunnuwansa a tsaye, kuma taku biyu daga shi wani gajeren tsiro ne ɗauke da jajayen 'ya'ya masu sheƙi, daidai tsayin bakin yaro. Ba sai an gaya masa ba, ya gani a yadda matar ta durƙusa tana ɗaga rassan ɗaya bayan ɗaya, tana neman inda aka tsinka. Auta ya daina kuka, ya kwantar da kai a wuyan ubansa. Shirun nan ya fi kukan tayar wa Direba da hankali. Ya jijjiga shi, ya kira sunansa, ya ce ya buɗe ido. Ya sa tafin hannu a ƙirjin yaron yana jin bugun zuciyarsa, amma ya kasa rarrabe ta yaron da tasa. Ya tuna da safe matarsa na ɗaura wa Auta igiyar takalmi tana cewa a sa ido a bakinsa, shi kuma ya yi dariya ya ce mutumin da ke ɗaukar fasinja sittin ba zai gagara riƙe biyu ba. Ya ciro waya zai kira ta, sai ya fasa ya mayar da ita aljihu.

Dattijuwar ta ce ba ta ga inda aka tsinka ba, amma ba za ta rantse ba, don wasu sun zubo ƙasa da kansu.

"Abba." Yaya ce, tana jan gefen rigarsa. Tun ɗazu take biye da su rungume da littafin zanenta, ba wanda ya waiwaye ta. Ya ce ta bari ba yanzu ba. Ta sake ja. "Abba, Auta ya san zomo. Da zomo ne da zomo zai ce. Kuma dubi takalminsa."

Ya duba. Yashi ne a maƙale cikin igiyar takalmin da gefen safa.

Ta buɗe littafin ta nuna musu shafin farko, wanda ba ta gama ba saboda Abba ya ce zafi. Wata 'yar dabba ce mai kama da ƙaramin kare, kunnuwanta sun fi kanta girma. Ta ce yanyawa ce, a hamada take, allon ya ce ta kunnuwan take fitar da zafin jikinta. Auta ya ɗago kai ya kalli zanen, ya ɗora jan yatsansa a kai ya ce mai kunne.

A ɗakin hamada ba su sha wahalar nema ba. Sawun ƙananan takalma ya bi ta ƙarƙashin igiyar shinge, ya ratsa yashi, ya wuce yanyawar da ke laɓe bayan dutse. Ya tsaya a gindin wani tsiro mai ganye kauri, faffaɗa kamar tafin hannu, cike da ƙaya. A ƙasa ga ɗan itacen da ya nuna ya faɗo, girmansa kamar ƙwai, an gatsi rabinsa, cikinsa jawur.

Dattijuwar ta ɗauka da gefen mayafinta, ta juya shi, ta saki dogon numfashi. Ta ce wannan ana cin sa, ita ma tana sha in ya nuna. Tsiron yana tara ruwa a jikinsa ne don hamada kan shekara ba ruwan sama, ƙayar kuma kariya ce daga masu ƙishi. A bawon ɗan akwai wasu ƙayoyi ƙanana kamar gashi, su ne suka cika wa yaron leɓe da harshe, su suka kawo kukan da yawun.

Direba ya zauna daɓas a kan yashin da aka hana takawa, da yaron a cinyarsa.

A nan masu motar asibiti suka same su. Ma'aikaciyar jinyar ta duba ɗan itacen, ta auna Auta, sannan ta zauna da ɗan hantsaki da fitila tana zare ƙayoyin ɗai-ɗai, Auta na ihu da ƙarfin da ya faranta wa kowa rai. Ta ce a ba shi abinci mai laushi kwana biyu, kuma in gobe aka ga fitsarinsa ya yi ja kada a tayar da unguwa, launin ɗan itacen ne. Mai kula da tsirran ta ce ita ma yau za ta sa a ƙara raga a ƙasan igiyar nan.

A cikin motar komawa gida Auta ya yi barci. Yaya ta tambaya a hankali ko laifinta ne da ba ta kula da shi ba. Direba ya ce a'a, shi ne babba, shi ya ɗauki waya. Ya riƙe hannunta har suka sauka.

Sun tarar da uwar yaran ta riga su dawowa. Ta kalli jan da ke rigarsa tun daga kafaɗa har ciki, ta ajiye abin da ke hannunta. Ya ce kowa lafiya, ta zauna ya gaya mata. Ya faɗa mata duka, har da wayar. Ta karɓi yaron ta kai shi bakin taga inda akwai haske, ta buɗe leɓensa da ɗan yatsa, ta daɗe tana dubawa.