Kitse Ya Shaƙe Tanki

Wata takwas ke nan da Injiniya ta kama aiki a mayanka. Ita ke kula da ƙaton tankin da ke bayan ɗakin fiɗa, inda ake zuba kashin shanu da ruwan wanke tumbi, a rufe ruf ba iska. Ƙwayoyin halittar da ke ciki su ci, su fitar da gas ɗin da ake tafasa ruwan aiki da shi. Kawunta, shugaban mahauta, shi ya tsaya mata kai da fata har aka ɗauke ta.

Ta san kitse ya fi komai ba da gas. Ta kuma san in ya yi yawa, maiƙon da ke fita daga cikinsa yakan lulluɓe ƙwayoyin ya hana su ci. Amma da ta ga allurar mitar gas tana hawa, sai bokitin kitse ɗaya ya koma uku, uku ya koma biyar.

Ran Talata da hantsi wutar tukunyar tafasa ruwa ta yi fat-fat ta mutu. Injiniya ta hau tsani ta leƙa ta tagar tankin. Kitse ya daskare a saman ruwan, kaurinsa ya kai taƙi guda.

Kawu ya same ta a gindin tsani, ya tambaye ta ko bututu ne ya toshe. Da ta ce e, da maganar ta wuce.

"Ba bututu ba ne, Kawu. Ni na cika masa kitse."

Kawu ya tambayi kwana nawa zai ɗauka. Ta ce ba ta sani ba, ƙila ma sai an kwashe tankin gaba ɗaya an sake sabon lale.

Ta tsayar da kitsen. Ta sa aka kawo ɗanyen kashin shanu, tana zubawa kaɗan-kaɗan, tana kunna injin juyawa safe da yamma. Mahauta suka koma hura itace. In ta gifta, sai wani ya yi tari da gangan ya ce hayaƙin zamani ne. Abinci ya daina shigar ta. Kullum sai ta ƙwanƙwasa gilashin mitar da farce, ko allurar ce ta maƙale.

A kwana na tara manajan mayanka ya ce wa Kawu ya ba su zuwa Litinin, in ba haka ba zai nemo wani a madadinta.

Ran Lahadi da la'asar allurar ta ɗaga, da ƙyar ido ke gani. Injiniya ta ƙyasta ashana a gindin tukunyar, ta farko ta karye. A ta biyu wuta ta kama, shuɗiya, ƙarama, tana kaɗawa.

Ba ta kira kowa ba. Ta tsuguna a gabanta kusan awa guda, tana tsoron ko da yin numfashi da ƙarfi. A haka Kawu ya tarar da ita. Ya jawo benci ya zauna.

"Tashi ki tafi gida," in ji shi. "Mijinki ya kira ni sau uku. Ni zan zauna da wutar."