Tallafin da Ya Haɗa Hulda da Azariya

Madam Hulda ta daɗe tana aikin jinya kafin ta yi ritaya ta buɗe 'yar kwalejin kiwon lafiya a Kafanchan. Ɗalibai tana da su, malamai ma ba laifi, amma ɗakin gwajinta kullum cikin duhu yake. Wuta sai ta ga dama take zuwa, janareta kuwa tarinsa ya fi aikinsa yawa.

Ran da labari ya zo cewa wata gidauniya za ta tallafa wa kwalejoji masu zaman kansu, har rawa ta taka a ofis. Sai sakatariyarta Afiniki ta ce, "Mama, akwai sharaɗi fa. Ba a ba kwaleji ɗaya, sai biyu sun haɗa hannu."

Hulda ta nemi kujera ta zauna. Kwalejin da ta dace da tata ɗaya ce, ta Baba Azariya a Madakiya, inda ake koyar da aikin lantarki da haɗa sola. Shi kuwa Azariya, duk lokacin ɗaukar ɗalibai sai ya sa an manna tallarsa daidai kan tata a tashar mota. Ko a wajen biki a coci suka haɗu, gaisuwarsu ba ta wuce sannu.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji ta, ta ɗauki jakarta ta tari mashin.

Ta same shi a gonar citta bayan makaranta, wando a nannaɗe.

"Madam, ɓatan hanya kika yi?"

"A'a, Baba, wajenka na zo. Kana da masu kawo wuta, ni ina da duhu."

Azariya ya yi dariya har ya jingina da fartanya. "Ni kuma yarana ko zazzaɓi ya kama su, sai an ɗauke su zuwa Kafanchan. Shigo mu zauna."

Kafin su cinye gasasshiyar masarar da aka kawo musu, sun gama magana.

Da aka kira su Kaduna su kare shirinsu, tun daga tasha suke musun sunan wa zai zo a gaba. Amma da shugabar kwamiti ta tambayi wanda zai jagoranci aikin, Hulda ta nuna Azariya, shi ma a daidai lokacin ya nuna ta. Matar ta kwashe da dariya. "Tun safe masu faɗan kujera muke gani, sai ga masu gudun ta!"

Tallafi ya fito kafin a fara haƙar citta. Ɗaliban Azariya suka hau rufin Hulda suka jera sola. Da fitilu suka kama, 'yan zumuntar mata ta coci suka ɓarke da waƙa suna kaɗa tulu, Hulda na tsakiyarsu tana cewa, "Mun gode Allah!"

Ɗalibanta kuma suka buɗe ɗakin shan magani a Madakiya. Ranar buɗewa aka ce shugaban makaranta za a fara yi wa gwajin jini. Azariya ya miƙa yatsa, da ya hango allura sai ya janye.

"Baba, kai da kake kama wayar wuta?" in ji Hulda.

"Wuta na san halinta, Madam."

Ta riƙe masa hannu da kanta, ya runtse ido, ɗalibai na ta tafi. Sakamako ya nuna lafiyarsa lau, ya ce to a kawo masa shinkafarsa da nama biyu.